Me ya sa sakamakon gwajin fura ba ya shiga jadawalin abinci na ƙasa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a nan Sakkwato. Aikina a kan sinadaran abincinmu na gargajiya ne: fura, tuwon gero, miyar kuka, kwaɗon zogale da daddawa. Burina abin da na samu ya shiga jadawalin abinci na ƙasa, kada ya tsaya a kan kantar laburare. Amma abu biyu sun ɗaure min kai. Na ga wani bincike ya ce furotin ɗin fura giram 11 ne, wani kuma ya ce 4. Sannan da na yi gwajin share fage a kan garin gero, sinadarin ƙarfen da na samu ya kusan ninka na jadawali sau uku. Kuskurena ne ko na injin gwaji? Kuma me ake dubawa kafin a karɓi sakamako?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah ya sa wa karatu albarka. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: dalilin da ya sa abinci ɗaya ke fitowa da lambobi biyu masu nisa da juna, inda ƙarfen da ya yi yawa a garinki ya fito, da sharuɗɗan da masu haɗa jadawali ke bi kafin su ɗauki aikin mutum. Amsoshin duka wuri ɗaya suke komawa. Yawancin sakamakon da ake turewa gefe tun kafin ya kai ga inji ya samu naƙasu, ko a kasuwa, ko a hanya, ko a takardar da aka bar ta ba bayani.

Jadawalin sinadaran abinci yana faɗin abin da ke cikin giram 100 na ɓangaren da ake ci na kowane abinci, a yanayin da ake cinsa. Da shi ake juya amsar uwa, in aka tambaye ta abin da ɗanta ya ci jiya, zuwa lissafin furotin da ƙarfe da bitamin, kamar yadda aka yi a binciken cimaka na ƙasa na 2021. Da shi ma'aikacin asibiti ke tsara wa mai ciwon suga abinci. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin Afirka a 1968. An kafa ƙungiyar INFOODS a 1984 don daidaita yadda ake wannan aiki a duniya, kuma a ƙarƙashinta aka yi jadawalin Afirka ta Yamma na 2012 mai abinci 472, sannan na 2019 mai abinci 1028. Namu na Nijeriya ya fito a 2017 daga Ibadan. Masu haɗa waɗannan ba su gwada kowane abinci da hannunsu ba. Tacewa suke yi daga binciken da aka riga aka yi, irin naki, inda kuma suka rasa sai su ara daga wata ƙasa ko su lissafa. Don haka ƙofa a buɗe take, amma suna da rariya, kuma idonta ƙanana ne.

Ruwa ne ya raba 11 da 4

Ina kyautata zaton duka binciken biyu gaskiya suka faɗa. Na farko ya busar da fura ƙarau, ya niƙa, ya auna, ya rubuta abin da ke cikin giram 100 na busasshen garin. Na biyu ya rubuta abin da ke cikin giram 100 na curin fura yadda mai talla ke miƙo shi. Ɗauki misali: in busasshe ya ba da giram 11, kuma ruwan da ke cikin curin kashi 60 cikin 100 ne, to sai ki ninka 11 da 40, ki raba da 100, ki samu 4.4. Ga lambobinki biyu daga ƙwarya ɗaya.

Lamba ta biyun jadawali yake so, domin ba wanda ke shan busasshen gari. Kuma ba yadda za a yi a juya na farko zuwa na biyu in ba a rubuta yawan ruwan da ke cikin abincin tun yana sabo ba. Wannan shi ne babban abin da ke hana ayyukan ɗalibanmu shiga: an shanya ganye, an niƙa, sannan aka auna danshin garin aka samu 6 ko 8, aka rubuta shi a matsayin ruwan ganyen. Ruwan da ya tafi wajen shanya ba wanda ya auna shi, sakamakon kuwa ya zama ba ya juyuwa.

Ki kuma lura cewa kalmar fura, ko hura yadda muke cewa, abinci uku ta ƙunsa. Akwai dawo, wato curin kafin a dama. Akwai damammiya da ruwa zalla. Akwai damammiya da nono, da suga ko babu. Kowanne layinsa daban a jadawali, kuma kowanne sai an auna ruwansa.

Awon ruwa ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ki busar da ɗan kasko mai murfi a oben, ki sanyaya shi a desiketa, wato rufaffen mazubin da ke hana danshi shiga, ki auna. Ki zuba giram 5 na samfuri ki baza shi, ki saka a digiri 105 har nauyi ya daina sauka, wato awo biyu da ke da tazarar awa ɗaya su zo kusan daidai. Tuwo da dawo suna yin ɓawo a sama su riƙe ruwa a ciki, don haka a kan gauraya su da yashin da aka wanke da asid aka kuma auna nauyinsa. Abu mai suga da yawa, kamar garin goruba ko magarya, yana ƙonewa a 105 ya nuna kamar ruwa ne ya fita, shi ya sa ake kai shi oben mai zuƙe iska a digiri 70. Ki duba duwatsun silika da ke ƙasan desiketa: masu launin shuɗi in sun koma ruwan hoda sun ƙoshi da danshi, sai an sake gasa su. Yanayinmu ma yana da hannu. Da hunturu, tuwon da aka bari a buɗe a kan tebur yana bushewa kina kallo, da damina kuma busasshen gari yana shan danshi tun yana kan sikeli. Saboda haka ruwa shi ne abu na farko da ake aunawa, a ranar da samfuri ya iso.

Kasuwa kafin ɗakin gwaji

Mudu ɗaya daga hannun mutum ɗaya a kasuwar Kara labarin buhun mutumin yake ba ki, ba labarin geron Sakkwato ba. In kika gwada shi sau uku kika rubuta cewa samfuri uku ne, abin da kika auna shi ne daidaiton hannunki da na inji. Masu haɗa jadawali suna gane wannan da kallo ɗaya, domin bambancin da ke tsakanin lambobin yana yin ƙanƙanta fiye da yadda abincin gaske ke bambanta.

Abin da aka saba shi ne kada a gaza saye goma daga masu sayarwa daban-daban ga kowane abinci. Ni ina ba da shawarar 12, huɗu daga kowace shiyya cikin shiyyoyi uku na jihar, a haɗa da kasuwannin da hatsi ke taruwa kamar Illela da Achida da Bodinga da Tambuwal, ba cikin gari kaɗai ba. A kowane wuri ki sayi rabin kilo zuwa kilo ɗaya, a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, domin tsakuwa da karyayyen hatsi ƙasa suke sauka. In kuɗin gwaji ba zai kai a yi wa kowanne daban ba, ki haɗa nauyi daidai wa daida daga huɗun kowace shiyya, ki samu haɗi uku, ki gwada kowanne sau biyu. Wannan ya fi zuba duka 12 a wuri ɗaya, don zai bar miki abin da za ki nuna yadda abincin ke bambanta daga shiyya zuwa shiyya.

Lokaci ma yana canza abinci. Sabon gero na kaka ya fi wanda ya shekara a rumbu danshi. Nonon damina, sa'ad da shanu suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, ba ɗaya yake da na bazara ba, ga kuma ruwa da garin 'ya'yan kuka da wasu masu talla ke ƙarawa in nono ya yi ƙaranci, ga wanda ake haɗawa da madarar gari a cikin birni. In da hali ki ɗebo sau biyu a shekara. In babu, ki rubuta watan da kika ɗebo, kada ki ce na duk shekara ne.

Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40, kuma dawo da nono ba sa jira. Cikin 'yan awanni tsami ya ƙaru, suga ya ragu, ganye ya yi yaushi. Ki tafi da kula mai ƙanƙara da robobi masu murfi mai kamawa, ki rubuta lamba a jikin robar ba a murfi ba, ki iso a ranar. Abin da ba za a gwada nan take ba a markaɗa shi, a rarraba a ƙananan robobi, a saka a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Rarrabawar tana da dalili: wuta tana ɗaukewa, kuma samfurin da ya narke ya sake daskarewa sau uku ya riga ya tsiyayar da ruwansa tare da abin da ya narke a ciki.

Sai suna. Gero da maiwa da dauro duk Pennisetum glaucum ne a kimiyyance, amma ki rubuta wanne kika saya. Dawa akwai kaura, akwai farfara, akwai ja. Sure, wadda wasu ke kira yakuwa, Hibiscus sabdariffa ce, rama kuma Hibiscus cannabinus, kuma a takardu da yawa an cakuɗa su. Kuka ganye ce ko garin 'ya'ya? Daddawarki ta kalwa ce, ko ta batso, ko ta waken suya? Wanda ke Ibadan ko Rum, inda hedikwatar FAO take, yana haɗa jadawali ba zai iya sani ba sai kin faɗa masa. Ki ɗauki hoto, ki kai tsiron sashen nazarin tsirrai a tabbatar miki da sunansa. Ki kuma auna abin da ake zubarwa: kilo ɗaya na zogale da itacensa, nawa ne ganyen bayan an zage? Gero kilo ɗaya, nawa ya rage bayan surfe da wanki? Wannan rabo na abin ci shi ma lamba ce da jadawali ke bugawa.

A kan teburin gwaji

Furotin ba a auna shi kai tsaye. Naitirojin ake aunawa ta hanyar Kjeldahl, wadda ta samo asali tun 1883, sannan a ninka da wata lamba. Ana dafa giram ɗaya na gari da tsantsar asid ɗin salfurik tare da gishirin fotasiyam salfet da ɗan gishirin tagulla, wato kofa salfet, a wajen digiri 420. Ruwan zai yi baƙi, ya yi kumfa, daga baya ya washe ya koma kore garau. Nan mutane da yawa ke kashe wuta, alhali sai an ƙara masa kamar awa ɗaya, in ba haka ba wani naitirojin bai gama fita ba, sakamako ya zo ƙasa. Bayan ya huce a zuba sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin kashi 40, a turara, a tare ammoniyar a cikin asid ɗin borik, a auna ta da asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin 0.1. A misali, in samfuri ya ci mililita 13.2, kwalbar da ba samfuri a cikinta ta ci 0.2, sai ki ninka 13.0 da 0.1 da 1.4007, ki raba da nauyin samfuri, ki samu naitirojin kashi 1.82.

Yanzu lambar ninkawa. Kowa ya haddace 6.25, amma ba ta kowane abinci ba ce. A jerin da FAO ke amfani da shi, ta gero 5.83 ce, shinkafa 5.95, gyaɗa 5.46, waken suya 5.71, riɗi 5.30, madara 6.38, dawa da masara da nama kuma 6.25. Wannan 1.82 ɗin da 6.25 zai ba ki 11.4, da 5.83 kuma 10.6. Ki rubuta naitirojin ɗin kansa da lambar da kika ninka da ita, sai mai haɗa jadawali ya iya sake lissafi. Ganye yana ɗauke da naitirojin da ba na furotin ba, fara, ƙwaron da ake ci, kuma ɓawon jikinta yana da shi, saboda haka lambar da Kjeldahl ke ba su ta ɗan haura gaskiya. Hanya mai sauƙi ta gane ko turarawarki na tafiya daidai ita ce ki gwada ammoniyam salfet tsantsa, wanda naitirojinsa kashi 21.2 ne. In kika samu 19, akwai inda tururi ke zurarewa, ko asid ɗinki ba 0.1 ba ne kamar yadda aka rubuta a kwalba.

Maiƙo da na'urar Soxhlet ake cire shi, awa shida zuwa takwas da hegzen ko fetur-ita, daga samfurin da ya bushe sosai. Ga hatsi da gyaɗa da daddawa ya wadatar. Ga dafaffen abinci kamar tuwo, sitaci yana ƙulle maiƙon, sai an fara dafa shi da asid kafin a tatsa. Nono kuma da hanyarsa ta daban, ta Gerber ko ta Röse-Gottlieb. Toka kuwa, wato ma'adinan da ke ragewa bayan abinci ya ƙone, a fara babbake samfurin a kan wuta har hayaƙi ya ƙare, sannan a kai tanderu a digiri 550 har ta yi fari ko ruwan toka ba ɗigon baƙi.

Faiba, wato ɓangaren abincin da hanjin mutum ba ya narkarwa, ita ce ke da matsala. Abin da yawancin ɗakunan gwajinmu ke iya yi shi ne tsohuwar hanyar tafasawa da asid da alkali masu ƙarfin kashi 1.25. An ƙirƙiro ta ne don abincin dabbobi, kuma tana narkar da babban kaso na abin da hanjin mutum ba ya narkarwa, duk yauƙin kuka da kuɓewa yana bin ruwa. Jadawali yana son hanyar da ake amfani da sinadaran narkarwa irin na ciki, wadda lambar shaidarta ita ce AOAC 985.29. Abin bai tsaya nan ba, domin sitaci da suga ragowa ake lissafa su: a cire ruwa da furotin da maiƙo da toka da faiba daga 100. Duk kuskuren da aka yi a sauran, nan yake taruwa. In faiba ta zo ƙasa, sitaci ya hau, ƙarfin abinci ma ya hau. A misalin dawonmu, in ruwa 60 ne, furotin 4.4, maiƙo 1.8, toka 0.8, faiba 2, ragowar 31 ce. A ninka furotin da sitaci da 4, maiƙo da 9, faiba da 2, a samu kimanin kilokalori 162. In tsohuwar hanyar kaɗai kika iya, ki rubuta hakan ɓaro-ɓaro. Akwai lambar shaida daban da INFOODS ta ware mata, FIBC, ba FIBTG ba.

Ƙarfen gero ko ƙarfen ƙasa

Kafin ki zargi injin gwaji, ki bi hanyar da garin ya biyo. An sussuke geron a ƙasa, an sheƙe shi a fili, an shanya a tabarma ƙura na sauka, an kai injin niƙa mai faifan ƙarfe biyu da ke gugar juna suna cinyewa a hankali cikin garin mutane. Ƙasa cike take da ƙarfe, yawansa a cikinta ya ninka na ƙwayar hatsi sau ɗaruruwa, don haka ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta ninka sakamako. Garin kuka ya fi kowa shan wannan, don yadda ake shanya shi da dakansa da ajiye shi a buɗe a kasuwa.

Ga gwajin da zai raba miki gardama. Daga mudu ɗaya ki raba kashi uku. Na farko ki tsince, ki ɗauraye da ruwan da aka cire wa ma'adinai, ki busar, ki daka a turmin tangaran. Na biyu ki daka shi a turmin tangaran ba tare da wanki ba. Na uku ki kai injin niƙa yadda kowa ke kaiwa. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ta ƙasa ce, tsakanin na biyu da na uku ta inji ce. Ki kuma tafasa tokar da asid ɗin haidirokulorik mai ruwa-ruwa ki tace: abin da ya ƙi narkewa yashi ne, kuma in yana da yawa kin san inda ƙarfen ya fito.

In duka ukun sun yi sama, to a ɗakin gwaji matsalar take. Kwalaben da za a auna ma'adinai da su sai sun kwana a asid ɗin naitirik mai kashi 10, an ɗauraye da ruwan da aka cire wa ma'adinai, ba ruwan famfo ba. Wuƙa mai tsatsa, bilenda mai lalataccen haƙori, awartakin da ake ɗauko kasko daga tanderu, duk suna zubar da ƙarfe. Safar hannu mai hoda da murfin baƙar roba suna iya ƙara zinki. Kowane zagayen gwaji ki saka kwalba biyu da ba samfuri a ciki su bi duk matakan. Su za su tona asirin asid ko ruwa mai datti. In tokar ma'adinai za ki yi, gara ki tsaya a digiri 450 zuwa 500, don zafi mai yawa yana tafiya da wani ɓangare na zinki da fotasiyam. Ayodin da seleniyam ba a neman su a toka, sun riga sun tashi. Wajen auna kalsiyam a na'urar auna ma'adinai ta AAS kuma sai an ƙara lantanam kulorayid, in ba haka ba fosfet ɗin da ke cikin hatsi da ganye zai danne shi ya zo ƙasa.

Wace lamba za ki miƙa? Ra'ayina ki miƙa duka biyu, kowace da sunanta: ƙwayar gero wankakkiya, da garin gero na inji. Mutane garin inji suke ci, ƙarfen kuma yana shiga ciki, sai dai wanda ya fito daga ƙasa jiki ba ya amfana da shi sosai. In aka buga babbar lambar ba bayani, wani zai lissafa ya ce matan ƙauyukanmu suna samun ƙarfe har ya yi yawa, alhali ƙarancin jini yana nan yana wahalar da masu ciki. Wannan ne ya sa nake so ki auna faitet ma, sinadarin da ke cikin hatsi da wake mai riƙe ƙarfe da zinki. Ki raba miligiram ɗin faitet da 660, na zinki da 65.4, sannan ki raba na farko da na biyu. In ya haura 15, zinkin da jiki zai samu kaɗan ne. Surfe da jiƙo da tsami suna rage faitet, shi ya sa bambancin tuwo da koko da dawo abin aunawa ne.

Bitamin, da inda ƙarfinmu ya tsaya

Bitamin C a ranar ake yinsa, a tatse cikin asid ɗin metafosforik mai sanyi. Hanyar ɗiga rini tana aiki ga zogale da 'ya'yan kuka, amma ga zoɓo ja ba za ki ga inda launi ya juya ba. Bitamin A na ganye kuwa na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, yake so. Karanta ruwan ganye a na'urar auna haske yana ba da jimillar duk launukan rawaya, kuma babban kaso daga ciki lutin ne, wanda ba ya komawa bitamin A. Wanda ya rubuta wannan jimilla a matsayin bita-karotin, wato launin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, ya kumbura lambar. Sannan a faɗi ma'aunin juyawa zuwa bitamin A: tsohon lissafi yana raba bita-karotin da 6, sabon da 12. Aikin a ɗaki mai duhu-duhu ake yinsa, da kwalabe masu launin ƙasa, don haske yana kashe shi. Wannan kansa dalili ne na raba layin ganyen da aka shanya a rana da na inuwa.

Folet da bitamin B12 sun fi ƙarfin yawancin ɗakunan gwajin da ɗalibi zai samu a kusa. Ko a aika da samfuri a daskare inda ake yi, ko a bar gurbin. Kada ki rubuta sifiri a abin da ba ki auna ba, domin sifiri yana nufin an duba babu. Ki tuna kuma tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da suga da man girki na kamfani, don haka in girkin ya ƙunshi ɗayansu, ki rubuta ko na kamfani ne ko man gyaɗar gida.

Dafaffen abinci kamar miyar kuka da kwaɗo hanya biyu ake bi masa, kuma gara a haɗa su. Ki shiga gidaje kamar goma da izinin masu gida, ke ki sayi kayan, uwargida ta girka yadda ta saba, ke kuma ki auna kowane abu kafin ya shiga tukunya: kuka, daddawa, mai, gishiri, dunƙulen magi, kanwa, ruwa. Ki auna tukunya babu komai, ki sake aunawa bayan an sauke. Daga nan za a iya lissafa girkin, sannan ki ɗebi samfuri ki gwada don a kwatanta. Kada ki raina kanwa. Yawancinta gishirin sodiyam ne, tana ƙara shi a miya, tana kuma lalata bitamin C da B1. Sodiyam ɗin miya aunawa ake yi, lissafi ba ya kama shi, don hannun kowace mace da nasa gishirin.

Abin da za ki miƙa tare da lambobin

Masu tacewa za su tambaya: ta yaya muka san injinki gaskiya yake faɗa? Amsa mafi ƙarfi ita ce samfurin shaida, wato gari da wata cibiya kamar NIST ta Amurka ta tabbatar da abin da ke cikinsa, ki gwada shi tare da naki ki nuna kin samu lambarsa. Yana da tsada. In bai samu ba, ki niƙa gero kilo biyu, ki gauraya sosai, ki rarraba a kwalabe, ki saka ɗaya a kowane zagaye, ki kuma aika wani ɗakin gwaji daban su auna. Ki riƙa ƙara sanannen adadin ƙarfe ko zinki a wani samfuri ki ga nawa ya dawo. Tsakanin kashi 90 da 110 abin karɓa ne. In kin auna sitaci da suga kai tsaye, jimillarsu da ta ruwa, furotin, maiƙo, toka da faiba ta faɗa tsakanin 97 da 103. In kuwa ragowa kika lissafa, jimilla dole ta zama 100, ba ta tabbatar da komai. Wani duba mai sauƙi: jimillar ma'adinan da kika samu ba za ta wuce nauyin toka ba.

Ga kowane abinci, takardarki ta ƙunshi sunan Hausa da na kimiyya, ɓangaren da aka gwada, yadda aka sarrafa shi, kasuwanni da watanni, yawan sayen da aka yi da yadda aka haɗa su, rabon abin ci, ruwan sabon abincin, hanyar kowane gwaji da lambarta, sannan matsakaici da mafi ƙanƙanta da mafi girma, duk a kan giram 100 na abin ci yadda ake cinsa.

Abinci biyar da kika zaɓa sun isa, kada kowa ya matsa miki ki mai da su talatin. In kuɗi ya yi kaɗan, ki fara da ruwa, furotin, maiƙo, toka, ƙarfe, zinki, kalsiyam, sodiyam da faitet, sannan ki nemi inda za a yi miki faiba ta hanyar da ta dace ko da a kan haɗi uku ne kawai. Garin da ya ba ki ƙarfe mai yawa kuma kada ki zubar. Ki nemo ragowar geron da aka niƙa shi daga ciki, ki yi masa rabon nan uku a wannan makon, kafin ki kashe ko sisi a kan ɗebo sauran samfura.